Na yi karatun nas a Masar, ta ina zan fara neman lasisin Ingila?

Maman Walida:
Slm 'yan uwa barkanmu da warhaka. Dan Allah sistocinmu da yayyenmu da ke waje a taimaka min da shawara, kaina ya ɗaure. Na yi digirin nas a Masar, shekara huɗu da shekarar imtiyaz, wato ta horon aiki a asibiti, na dawo gida na yi kwas ɗin da majalisar nas take sa waɗanda suka yi karatu a waje, na rubuta jarabawarsu na samu lasisi, yanzu ina aiki a ɗakin mata. To maigida ne ya samu karatu a Ingila yana so mu bi shi, ni kuma bana so in je in zauna ba aikin fari bare na baƙi. Wani ejan da aka haɗa ni da shi yace in ba shi takarduna da kuɗi shi zai yi komai har samun aiki, wata tace in fara OET, wata kuma tace a'a CBT ake farawa. Gsky ni ban ma gama gane bambancinsu ba. Ta ina ake kamawa?

Sista Bilki:
Wslm. Abu na farko 'yar uwa riƙe kuɗinki. Babu wani mataki a rajistar NMC, wato hukumar rajistar nas ta Ingila, da ejan zai yi miki wanda ke ba za ki iya yi da wayarki ba, asusun ma da sunanki da imel ɗinki ake buɗewa, in kika bari wani ya buɗe da nasa imel ɗin to duk saƙon da suka turo shi zai gani ba ke ba, ranar da kuka ɓata kuma kin shiga uku.

Yadda abin yake a taƙaice, za ki buɗe asusu a shafin NMC ki saka fasfo da shahadarki da bayanin inda kike da rajista, ki biya fam 140 su duba ko karatunki ya isa. In sun amince sai jarabawa kashi biyu. CBT ta kwamfuta ce ana yinta a cibiyoyin Pearson VUE tun kina gida, fam 83, ɓangaren lissafin magani tambaya 15 a minti 30, ɓangaren aikin jinya tambaya 100 a awa biyu da rabi. OSCE kuma firaktikal ce, dole sai a can Ingila ake yinta, fam 794. Daga ƙarshe fam 153 na shiga rajista. Ki riƙa leƙa shafinsu dai don kuɗi yana canjawa. Turanci kuma daban yake, IELTS ko OET, kuma ni a ganina da shi za ki fara don shi ne yake kayar da mutane, CBT ba wani abu bace ga wadda take aiki a wod kullum.

Ɗan Baiwa:
Sista kar dai a yi wa ejan-ejan kuɗin goro, akwai na Allah a ciki. Ni na san mutane da yawa da suka tafi ta hannun ejan ta hanyar aikin kula da tsofaffi, suna can suna aiki suna karatun jarabawar a hankali. Ba sai ta tsaya wahalar neman maki 7 a jarabawar Turanci ba tun daga nan.

Sista Bilki:
Ɗan Baiwa wannan labarin ya kwana biyu. Tun watan Maris 2024 aka hana masu bizar kula da tsofaffi tafiya da iyali, a watan Yuli 2025 kuma aka rufe ɗauko sabbi daga waje ta wannan hanyar gaba ɗaya. Duk wanda yace miki yau zai sayar miki da takardar ɗaukar nauyi ta wannan aikin to ki san inda kuɗinki suka nufa. Dama can sayar da ita haramun ne a dokarsu, mai ɗaukar aiki shi yake bayarwa ba a saye.

Ɗan Baiwa:
To ai ban ce ta saya ba. Na ji dai.

Abu Hanif:
Maman Walida tambaya ɗaya kafin a yi nisa, wane irin karatu maigidan zai yi? Saboda tun Janairu 2024 ɗalibin da ya je mastas ta aji ba ya ɗaukar iyali, sai mai digirin bincike irin PhD ko wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa. In PhD ne kin huta, za ki shiga a bizarsa kina da izinin aiki, ki yi OSCE ɗinki ba wanda ya riƙe miki wuya. In kuwa ba haka ba to ke ce ma za ki nemi asibitin da zai ɗauke ki da kanki, wannan kuma wani lissafin ne daban.

Maman Walida:
PhD ne Yaya, Alhamdulillah. Ashe ma akwai wannan, wlh ban sani ba.

Malam Auwal:
Salamu alaikum. Ni malami ne a makarantar koyon jinya, kuma fom-fom ɗin nan na tantancewa da ake turowa daga hukumomin waje ta teburina wasu suke bi, don haka bari in ɗan saɓa wa Sista Bilki da girmamawa. Ni ban yarda a fara da Turanci ba. A fara da takardu.

Dalilina shi ne jarabawa a hannunki take, ke za ki zaɓi rana, ke za ki yi karatu, in kin faɗi ki sake. Takarda kuwa a hannun wani take, wani wanda bai san ki ba kuma ba shi da gaggawarki. Hukumomin nan da yawa ba sa karɓar takarda daga hannunki, makaranta suke so ta aiko musu kai tsaye, majalisar da ta ba ki lasisi ita ma ta tabbatar kai tsaye. Kuma abin da ɗalibai ba su sani ba, ba takardar sakamako kawai ake nema ba mai A da B, wasu fom ɗin tambaya suke awa nawa ta yi a aji a fannin yara, awa nawa ta yi a wod ɗin yara, haka haihuwa, haka taɓin hankali, haka tiyata, kowanne da gurbinsa. Wanda zai cike sai ya tono manhajar shekarar da kika yi karatu ba ta yanzu ba, ya nemo littafin fostin na firaktikal a asibiti, wani lokacin wanda ya san inda fayil ɗin yake ya yi ritaya. Sai a sa hannu, sai hatimi, in shugaban makaranta ya yi tafiya a jira shi. Ni na ga fom ya dawo saboda an bar gurbi ɗaya ba komai, wanda ya cike yana ganin ai sifili ne ba sai an rubuta ba.

Ita kuma Maman Walida nata ma ninki biyu ne, makarantarta tana wata ƙasa lasisinta yana wata. Sakamakon Turanci shekara biyu yake yi ya mutu. In ta ci OET yau ta tsaya jiran takardu agogo yana tafiya.

Sista Bilki:
Malam na ji maganarka kuma akwai gaskiya a ciki, amma lissafin awoyin nan ya fi tsanani a hanyar Amurka da Kanada. NMC a yanzu abin da ta fi dubawa shi ne karatun nan ya ba ki damar yin rajista a matsayin nas a ƙasar da kika yi shi, sauran kuma jarabawarsu ce za ta gwada ki. Ni abin da nake gani a nan, mutum ya gama komai takardu sun cika CBT ya ci, Turanci ya riƙe shi shekara guda saboda rabin maki a rubutu. Ita ma CBT ɗin tana mutuwa ai, dole ki ci OSCE cikin shekara biyu.

Malam Auwal:
To ai ba mu yi nisa da juna ba Sista. Ni cewa nake ta tura wa makarantar saƙo a makon nan, ba ya cin mata komai, tana jira tana karatun Turancin. Abin da nake ƙi shi ne a bar takarda sai ƙarshe kamar ita ce mai sauƙin. Kuma kar ki manta abin da ya faru a 2024 da majalisar nas ta Najeriya ta fito da sharaɗin sai ka yi shekara biyu kana aiki kafin ta tantance maka takardu zuwa waje, nas-nas suka yi zanga-zanga, fotal ɗin ya zauna a rufe wata da watanni. Mutane nawa sakamakon Turancinsu ya mutu a wannan zaman? Ba laifinsu ba, ba kuma abin da karatu zai gyara.

Sista Bilki:
Wannan kam haka ne, na ba ka. Amma takardar shaidar kyakkyawan hali daga majalisa kar ta yi saurin nema, ita ma tana tsufa, hukumomi ba sa karɓar wadda ta daɗe.

Maman Walida:
Allah ya saka da alheri. Amma ni fa da Turanci aka koyar da mu a Masar, littattafai da jarabawa duk Turanci ne, ba za su ɗauke min jarabawar Turancin ba?

Sista Bilki:
Da marasa lafiya da wane yare kuke magana a wod?

Maman Walida:
Larabci mana hhh

Sista Bilki:
To kin ba kanki amsa. Ba karatun aji kawai suke dubawa ba, suna so mafi yawan mu'amalarki da majinyata da iyalansu a lokacin karatun ta kasance da Turanci. Najeriya ma da Turanci ne harshen gwamnati bata cikin jerin ƙasashen da suke ɗauka a matsayin masu magana da Turanci, abin da ciwo amma haka yake. Don haka ki shirya kawai. IELTS ta akadamik suna son 7 a karatu da saurare da magana, 6.5 a rubutu. OET kuma B a ukun nan, C+ a rubutu. Ana iya haɗa sakamako biyu in tsakaninsu bai wuce wata 12 ba amma da sharuɗɗa, ki karanta su da kyau.

Ni OET nake ba nas shawara duk da ta fi tsada. A IELTS za a iya ba ki zanen yawan motocin wani gari a ce ki yi bayani, sannan ki rubuta ra'ayinki kan wani abin da bai shafe ki ba. A OET bayanan majinyaci za a ba ki a ce ki rubuta wasiƙar tura shi wurin wani ma'aikacin lafiya a minti 45, magana kuma ke ce nas mai jarabawar shi ne mara lafiya ko ɗan uwansa. Inda mutanenmu suke faɗuwa a wasiƙar shi ne kwashe komai a zuba, har da ciwon da ya yi yana yaro, alhali abin da ake gwadawa shi ne kin san me mai karɓar wasiƙar yake buƙata ki bar sauran.

Hajiya Metiron:
Ni dai ina karanta ku tun ɗazu na yi shiru. Yaran nan ku gaya min, wai mace ta yi shekara ashirin tana karɓar haihuwa cikin dare wani lokacin da tocilan, ta ceci rayukan da Allah kaɗai ya san adadinsu, sai ta je wani ɗaki yaro sa'an ɗanta ya tsaya da takarda yana duba ko ta iya wanke hannu? Kuma ta ci ɗin a ajiye ta a matakin farko tare da wadda ta fito makaranta jiya. In ba raini ba mene ne wannan. Sannan su wa za ku bar wa asibitocin? Majalisar nas ta Najeriya da bakinta ta ce a 2024 nas sama da 40,000 sun fita cikin shekara uku. Ni wod ɗin da muke riƙewa mu shida yanzu mutum biyu ne a difti.

Sista Bilki:
Ranki ya daɗe Hajiya, maganar matakin farko gaskiya ce kuma tana ci wa mutane rai, yawanci Band 5, matakin albashin sabuwar nas, ake farawa ko shekara nawa ka yi, kafin lambar rajista ta fito ma ƙasa da haka ake biyanka. Har sa kanula da kika yi dubu a gida wani asibitin ba zai bari ki taɓa ba sai sun sa miki hannu a nasu horon.

Amma OSCE ba iyawarki take tuhuma ba Hajiya, so suke su ga za ki yi aikin yadda tsarinsu yake. Bari in ba ku hoton tasha ɗaya. Kin shiga, ga gado ga mutum ko mutum-mutumi, mai jarabawa yana gefe ba ya cewa uffan. Kafin ki taɓa komai ki duba wurin babu haɗari, ki tsaftace hannu, ki faɗi sunanki, ki tambayi majinyaci cikakken sunansa da ranar haihuwa ki haɗa da abin hannunsa da kuma takardar magani, ki tambaye shi akwai maganin da jikinsa ba ya so, ki nemi izininsa. Duk wannan da baki za ki faɗa a ji, in kin yi a zuci ba ki yi ba. Sai ki ɗauko magani ki karanta ranar lalacewarsa da ƙarfi. A takardar za a iya rubuta maganin da aka riga aka ce yana masa illa, ko a bar wurin sa hannun likita ba komai, ana so a ga za ki tsaya ki ce wannan ba zan bayar ba sai na tuntuɓi wanda ya rubuta. Mu da muka saba likita ya rubuta shikenan an gama, nan ne gwanaye suke zamewa. Tasha goma ne, huɗu a jere kan majinyaci ɗaya daga dubawa zuwa tsara kulawa zuwa aiwatarwa zuwa bita, huɗu na aikin hannu, biyu na rubutu kan ɗabi'ar aiki da aiki da hujjar bincike. Ga kuma jadawalin NEWS2 da za ki cike numfashi da iskar jini da bugun zuciya da hawan jini da zafin jiki da hayyaci ki haɗa maki ki faɗi matakin da za ki ɗauka. Ba wuya gare shi ba, sabo ne, kuma lokaci gajere ne.

Hajiya Metiron:
Duba ranar lalacewar magani da tambayar suna ai mu ma an koya mana, yawan marasa lafiya ne ya sa aka bari. Nas ɗaya gado talatin wa zai tsaya gabatar da kansa. Amma baki amsa min ɗaya tambayar ba.

Abu Hanif:
Hajiya da girman kujerarki, wannan tambayar ba Maman Walida ya kamata ta amsa ba, mijinta za ta bi. Kuma duniya ma ta san da matsalar, hukumar lafiya ta duniya tana da jerin ƙasashe 55 da ta fitar a 2023 waɗanda ma'aikatan lafiyarsu suka yi ƙaranci, Najeriya da Nijar da Ghana duk suna ciki. Ingila ta ɗauki jerin ta hana asibitocinta da kamfanonin ɗaukar ma'aikata zuwa farautar nas a waɗannan ƙasashen. Abin da ba a hana ba shi ne mutum ya ga talla ya nema da kansa kai tsaye. Shi ya sa ma duk ejan ɗin da yace yana ɗaukar wa asibitin gwamnatin Ingila nas daga ƙasashen nan sai a tambaye shi ta wace ƙofa.

Hajiya Metiron:
Allah ya kyauta. Ni dai na faɗi nawa. Maman Walida Allah ya ba da sa'a 'yata, ba da ke nake ba.

Maman Walida:
Amin Hajiya na gode, wlh na fahimce ki, mu ma muna gani a wod.

Ɗan Baiwa:
Wai ni CBT ɗin nan naji ana cewa akwai inda ake taimaka wa mutum, gaskiya ne?

Sista Bilki:
Ɗan Baiwa kai dai yau sai ka jawo magana. A 2023 NMC ta gano an yi maguɗi a wata cibiyar jarabawa a Ibadan, sun lura mutane suna gama jarabawar cikin lokacin da hankali ba zai ɗauka ba. Aka soke sakamakon duk wanda ya rubuta a wurin har da waɗanda suka yi da guminsu, aka ce su sake, ɗaruruwa aka ƙi yarda da su, wasu suna cikin aiki a Ingila da iyalansu aka kira su gaban kwamiti, akwai waɗanda aka cire daga rajista. Jarabawar da in ka zauna da tambayoyin gwaji na shafinsu ka karanta ƙa'idar aikin NMC za ka ci. Kar wanda ya ƙara kawo wannan maganar nan dan Allah.

Abu Hanif:
Tunda wasu suna bibiya bari in ɗan faɗi na Amurka, don kar a ɗauka duk tafiyar ɗaya ce. Can babu lasisin ƙasa, kowace jiha da hukumarta da sharuɗɗanta, don haka jiha za ka fara zaɓa. Wasu jihohin sai kana da lambar zaman ƙasa tasu kafin su ba ka lasisi, shi ya sa mutanen waje da yawa suke bi ta New York. Yawanci za a tura ka CGFNS, yanzu sun koma TruMerit, su ne suke auna karatunka, kuma nan maganar Malam Auwal take fitowa ƙarara don suna son ganin aji da firaktikal a manya da yara da haihuwa da taɓin hankali. Abin mamaki nas ɗin da ta yi karatu a Ingila ma tana iya maƙalewa a nan, saboda can tun farko ake ware fannin manya daban na yara daban, sai a ce awoyinta na haihuwa ba su cika ba. Namu da ake koya mana komai da komai wani lokacin ya fi wucewa salin alin.

Jarabawar NCLEX ce, dala 200 sai ƙarin 150 in a wajen Amurka za ka rubuta, kuma sai ka yi tafiya don ba kowace ƙasa ke da cibiya ba, mutane suna zuwa Afirka ta Kudu ko Indiya ko Ingila. Awa biyar ne, tambaya daga 85 zuwa 150, kwamfutar tana auna ka tana tafiya, ka amsa daidai ta ƙara wuya, in ta gamsu ka ci ko ka faɗi sai ta kashe kanta. Tun Afrilu 2023 suka ƙara tambayoyin da ake ba ka labarin majinyaci yana canjawa kana yanke shawara. In ka faɗi sai bayan kwana 45. Babu firaktikal irin OSCE. Amma a sani cin NCLEX ba biza ba ne, akwai VisaScreen, wato tantance takardu don biza, akwai layin bizar aiki da yake iya ɗaukar shekaru, dokokin shiga kuma kullum cikin canjawa suke. Mutum yana iya riƙe da lasisin Amurka a aljihu yana nan inda yake.

Ummu Sultan:
Saudiyya ma kar a manta da ita musamman mai Larabci irin Maman Walida. Hukumar da take ba da lasisi a can SCFHS ce, takardu kuma kamfanin Dataflow ne suke bi har tushe, su kira makaranta su kira asibitin da ka ce ka yi aiki, sai jarabawar Prometric. In asibitin da ka yi aiki ba mai ɗaga waya ko amsa imel rahoton zai fito ba a iya tabbatarwa ba, kai kuma kana zaune baka san dalili ba. Ni sai da na je da ƙafata na roƙi mai kula da ma'aikata ya buɗe imel ɗin ofis. Kuma mai digiri da mai difloma ba matsayi ɗaya ake ba su ba, albashin ma haka.

Sadiya:
Dan Allah ni ma a taimaka min. A Khartoum na yi nawa karatun, mun gama kenan yaƙi ya tashi a Afrilu 2023, na fito da takardar shaidar kammalawa kawai, ban yi rajista da majalisar can ba, ainihin shahadar ma bata fito ba. Yanzu ko a gida na kasa yin komai. Ina ganin kamar shekarun nan sun tafi a banza

Malam Auwal:
Ba su tafi a banza ba ƙanwata in sha Allah, amma ke kam manta da OET da NCLEX tukuna, ba lokacinsu bane. Shahada da takardar sakamako su ne aikinki yanzu. Makarantun Sudan da dama sun buɗe ofis a wasu garuruwan ko a wajen ƙasar suna ba da takardu, ki nemi ƙungiyar 'yan ajinku da ofishin jakadanci ki ji inda taku ta koma, kuma duk abin da ke hannunki ki adana, katin ɗalibi, rasit ɗin kuɗin makaranta, littafin fostin, sakamakon kowane zango. Bayan nan ki samu lasisi a wuri ɗaya ko a gida ne ki fara aiki. Shahadar makaranta kaɗai ba ta sa a kira mutum nas a doka, kusan duk inda za ki nema tambayar farko ita ce a ina kike da rajista ko a ina kika cancanci yi. Kuma ki rubuta wa majalisa da kanki ki faɗi halin da ake ciki a rubuce, ba ke kaɗai yaƙin ya shafa ba.

Wannan ma jan kunne ne ga iyayen da suke tura yara karatun nas waje, kafin a biya ko sisi a tambaya makarantar nan hukumar jinya ta ƙasar ta amince da ita, kuma ɗalibin waje in ya gama ana ba shi lasisi ko takarda kawai zai riƙo.

Sadiya:
Ngd sosai Malam, littafin fostin ɗin yana nan wurina. Zan nemi 'yan ajinmu.

Maman Walida:
Jama'a na ɗauko takarduna yanzu na baje a kan gado saboda maganar Malam, ga wata sabuwa. A shahadar Masar sunan babanmu Mohamed aka rubuta kuma sun jera har sunan kakana, a lasisina Muhammad ne ba kakan, fasfo ɗin da na sabunta bayan aure kuma sunan maigida ne a ƙarshe. Wannan zai zama matsala?

Malam Auwal:
Zai zama in kika bari su suka gano da kansu, in ke kika gabatar da hujja tun farko kuma ba komai bane, sun saba gani. Ki tanadi takardar aure da takardar rantsuwa ta kotu da ta nuna duk sunayen nan mutum ɗaya ne, wadda ba da Turanci take ba a kai wa mai fassara da aka amince da shi ya buga hatiminsa. Ki roƙi makarantar ma ta ba ki wasiƙa mai ɗauke da sunan yadda yake a fayil ɗinsu da ranar haihuwarki. Ranar haihuwar ita ma ki duba ta a duka takardun yanzu.

Sista Bilki:
Kuma duk jarabawar da za ki yi rajista ki rubuta sunan harafi da harafi yadda yake a fasfo ɗin da za ki shiga da shi, a ƙofar cibiya ba sa jin bayani, in bai yi daidai ba kuɗin sun tafi.

Maman Walida:
Ranar haihuwa daidai take a duka Alhamdulillah. Wasiƙar zuwa makarantar da Larabci zan rubuta ko da Turanci?

Ummu Sultan:
Rubuta da Larabci za su fi saurin kula ki, ki saka lambarki ta ɗaliba da shekarar da kika gama a saman saƙon. In kina da wata ƙawa da ta rage a can ki tura mata kwafi ta bi miki ofishin da ƙafa, imel kaɗai zai iya kwana a akwati.

Sadiya:
Akwai mai tambayoyin gwaji na jarabawar majalisa ta waɗanda suka yi karatu a waje? In fara dubawa kafin takardun su samu.

Malam Auwal:
Ki min magana ta gefe bayan la'asar, ina aji yanzu.